Matacciyar Firinta Daga Dutse Zuwa Kwatano

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa a majalisarmu ta Yalwawa ba. Wannan ya ce yaya Kwatano, wancan ya ce wai da gaske ne mace ce ta koya mini aiki, wani kuma ya ce ya ji an tsare ni a kan iyaka da jini a jaka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji daga bakina sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bello, firinta da tawadarta nake sayarwa a Dutse. A ruga aka haife ni, na yi kiwo, na yi karatun allo a Limawa, na fara da tallan cajar waya a tasha har Allah ya ba ni shago. Ina cikin waɗanda suka fara kawo firinta mai tankin tawada garin nan, irin wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Shagunan buga takardu da makarantu da yawa a hannuna suka saya, daga cikin gari har Taura.

Da bazarar bana ta kama, sai firintocin suka fara dawowa. Wata tana fitar da rubutu da farin layi-layi, wata kala ɗaya ta ɗauke mata gaba ɗaya. Masu gyaranmu suka yi iya yinsu, wani ya tsokana da allura, wani ya wanke da fetur, duk wadda suka taɓa sai ta ƙarasa mutuwa. Idi, mai shagon buga takardu a Taura, ya ɗauro tasa a babur ya dire mini a ƙofar shago, ya faɗa a gaban mutane cewa jabun kaya nake sayarwa. Wannan ban ji zafinsa sosai ba, don na san bakin Idi.

Abin da ya tayar da ni shi ne kiran Malam Usman na Limawa, malamin da ya koya mini karatu. Shi ma na sayar masa da guda ɗaya, don buga takardun shaidar sauka na ɗalibansa, masu koren zane a gefe. Saura sati uku walimar sauka, ya sa aka gwada, koren ya fito rawaya fatau. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini takardar.

“Bello, ni ban ce ka cuce ni ba,” in ji shi. “Amma mutane suna faɗa, kuma na rasa abin da zan ce musu.”

A kasuwa sunana kaɗai ne abin da na mallaka wanda ba a sayo a Kano ba. In ya lalace a bakin Malam, ya lalace a Dutse. Na tambayi dilan da nake sarin kaya a wajensa, ya ce kan firinta in ya toshe sai dai a jefar. Amma ya ce ya ji labarin wata mata a Kwatano da ke tayar da tsofaffin firintocin da ake saukewa daga jirgin ruwa. Ya haɗa ni da mai masauki a Zangon Kwatano. Ban yi gigin ɗaukar ta Malam ba. Na sa ta Idi a jakar leda mai zif, na kama hanya.

A Kano na shiga doguwar bas ta Legas. Kujerar kusa da ni wata Bayarabiya ce, Mama Rashida, haifaffiyar Fagge, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ta tambaye ni abin da zan kai kudu, na ce matacciyar firinta. Ta ce ita ta saba ganin ana kai gawa gida, yau ta ga mai fitar da ita waje. Duk inda aka tsaya cin abinci ita ke nuna mini rumfar da zan shiga da wadda zan guje wa. Kafin mu sauka ta yi mini huɗubar Legas: kada na tsaya ina kallon gini, kada na amsa sallamar wanda ban sani ba, in na ɓata na tambayi mace mai kaya a gabanta, don ita ba za ta bar kayanta ta bi ni ba. Ita ta saka ni a motar Seme, wato garin kan iyaka, da hannunta.

Abin da ban sani ba shi ne, masu lodi sun kwantar da jakata a gefe, suka ɗora mata buhunan albasa. A Seme na saɓa ta a kafaɗa, ina sanye da farin kaftani, na shiga layin masu tsallakawa. Sai na ga mutane suna matsawa daga kusa da ni. Wani jami’i mai ɗan jin Hausa ya yafito ni, ya dubi bayana, ya dubi jakar.

“Alhaji, me ka yanka?”

Na juya na ga ja yana ɗiga daga gindin jakar, ya bi bayan rigata har ƙafa. Aka kewaye ni, aka ce na ajiye na buɗe da kaina. Da firinta ta bayyana, ga shuɗi da rawaya su ma sun malale a cikin jakar, sai wurin ya kaure da dariya. Aka duba takarduna da katin rigakafi, aka sallame ni. Haka na shiga ƙasar mutane, baya ja, hannu shuɗi. Daga baya na gano akwai wani ɗan makulli a jikin tankin da ake murɗawa in za a yi tafiya, ya toshe hanyar tawada. Shekara nawa ina sayar da abin nan, ban taɓa sanin aikinsa ba.

’Yan acaɓar Kwatano duk riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, kuma wanda na hau ya ƙi tashi sai da na kifa hular kwano. Na kifa ta a kan hulata, ta murƙushe mini kari. Mata kuwa a kan babur ba a magana, wata da goyo, wata da kwandon kifi, suna ratsa motoci ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su.

Mai masaukina, Alhaji Modu, dattijo ne Babarbare da ya daɗe a Zango har Faransanci ya zauna a bakinsa. Da ya ji ni Bafulatani ne sai ya ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo masa bawansa har gida, kuma ga shi an riga an yi mini shaida a baya don kada na ɓata. Na ce Baba Alhaji, ai ubangida ne ya zo duba yadda bayinsa ke zaune a bakin teku. Daga nan muka saba. Ya ba ni ɗaki mai fanka a saman bene da aron riga.

Abinci ya ba ni wuya kwana biyun farko. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Da rana aka kawo mini wani tuwon masara mai sanyi, mai ɗan tsami, a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono. Na ci ina hawaye, Alhaji Modu yana cewa ɗan nono ya gamu da abincin maza. Sai a kwana na uku ya tausaya mini ya nuna mini wata ’yar Dosso mai tuwo da miyar kuka a bayan masallaci.

Matar da na zo nema sunanta Madam Selestin. Za ta kai shekara hamsin, gajera, da tabarau rataye a wuya. Ranar farko ni da Alhaji Modu mun isa shagonta da azahar muka tarar a rufe, don su da rana tsaka kulle shago suke su tafi gida su ci abinci su huta, ko da mai saye na tsaye. A Dutse wanda ya yi haka sai a ce ba shi da lafiya. Da ta dawo na fara gaisuwa yadda aka koya mini, ina gida, ina iyali, ina gajiya. Ta amsa da kalma ɗaya ta dubi agogo. Alhaji Modu, wanda shi ne tafintanmu, ya ce mini a nan gaisuwa ba ta wuce numfashi ɗaya, na faɗi abin da ya kawo ni.

Na faɗa. Ta ce ba ta gyara wa dila kaya ya tafi ya dawo da wani, amma in zan zauna na koya, na wanke hannu na ɗaura gyauton aiki. Ni da nake da shago da iyali, na ɗaura.

Ta kwance firintar Idi ta ciro kan, wato ɗan akwatin nan da ke kai da komo a kan takarda. Ta kifa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma da ke haɗe da allon kwamfuta. Abin da nake gani da ido kamar ƙarfe mai santsi, sai ga shi cike da ƙofofi a jere, layi-layi, kowace ta fi silin gashi siranta. Ta ce ta nan tawada ke fita, kuma kan ba ya taɓa takarda ko kaɗan, feso ɗigo yake yi. A wasu firintocin akwai ɗan abin zafi a bayan kowace ƙofa, ya tafasa tawadar cikin ƙiftawar ido, kumfa ta taso ta tunkuɗo ɗigo ɗaya waje. A irin wadda na kawo kuwa, wani ɗan falle ne da ke lanƙwashewa in lantarki ya taɓa shi, ya matse tawadar ta fito. Na ce wa Alhaji Modu ya gaya mata na gane, tatsa ce, yatsa ya matsa hantsa nono ya fito. Ya ce dole dai sai na kawo saniya cikin maganar. Da ya fassara mata ta yi murmushi ta ce haka ne, sai dai wannan tatsar sau dubbai ake yinta kafin ka ɗauke ido.

Sannan ta ɗora wata takarda mai hoton ganye a ƙarƙashin madubin. Babu kore a ciki ko ɗigo. Shuɗi ne da rawaya, ƙanana, kusa da juna, ido ne ke haɗa su. Kala huɗu kawai ke cikin tanki, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, duk sauran daga cikinsu suke fitowa. Nan take takardar Malam ta faɗo mini a rai. Ashe ƙofofin shuɗi ne suka toshe, rawaya ta fito ita kaɗai.

Na tambaye ta me ke toshe su, ko tawadar ce jabu. Ta ɗiga tawadata a takarda, ta shinshina, ta ce ba abin da ya same ta. Ta nuna mini wani ɗan murfin roba a kusurwar dama ta cikin firintar. Ta ce in kan ya gama aiki nan yake komawa ya zauna, murfin ya taso ya rufe ƙofofin don kada iska ta busar da su, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan famfo da ke zuƙo tawada ya wanke su. Turkensa ke nan. In aka yanke wuta kafin murfin ya rufe, kan zai kwana a buɗe, kuma a zafi irin namu kwana kaɗan ya isa tawadar ta daskare a ciki.

Tana juya firintar sai ta ga wata ’yar takarda manne a baya, ta tambayi me aka rubuta. Ni na rubuta ta, ni na buga, ni na manna a kan kowace firinta da ta fita daga shagona. Alhaji Modu ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: “Da zarar ka gama aiki ka zare soket. Kada a kunna sai da dalili, don tawada ta daɗe.”

Kowa a Dutse ya san dalilin wannan. Wuta takan dawo da ƙarfi ta ƙone kaya, janareta kuma ba a barinsa yana shan mai a banza. Takarda ta ƙarshe na faɗowa, hannu na kan soket. Don kare mutane na rubuta, kuma har yabona ake yi a kai.

Da ya fassara mata, Madam ta cire tabarau ta dube ni. Ta yi magana a hankali, Alhaji Modu ya juyo yana danne dariya.

“Ta ce ba ka sayar da jabu ba. Lafiyayyu ka sayar, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta yadda za a kashe su.”

Na ji kunya har cikin ƙashi, amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ya taso mini. Kayana ba su da laifi, kuma laifin da yake nawa ne ina iya gyara shi.

Kwana huɗu na yi a shagonta. Ta koya mini buga takardar gwaji, mai ’yan layuka na kowace kala, inda duk giɓi ke nuna ƙofar da ta toshe. Ta koya mini jiƙa kan a bisa ƙyalle mai laushi da ruwan wankinsa, a bar shi ya sha, sannan a tura ruwan da sirinji a hankali. Sau biyu ta buge mini hannu don na matsa da ƙarfi, ta ce ƙarfi fasa cikin yake. Da na ba ta labarin allura da fetur sai ta rufe ido. A rana ta uku firintar Idi ta fitar da takardar gwaji babu giɓi ko ɗaya, da hannuna. Ranar da zan tafi Madam ta gaishe ni da Hausar da Alhaji Modu ya koya mata, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ta jero su duka ba ta jira amsa ba. Shi kuma ya raka ni tasha yana cewa ya ’yanta ni, amma na riƙa aiko da man shanu.

A dawowa na murɗa makullin tanki, na rungume jakar a cinya tun daga Seme har Kano.

Na iso Dutse saura kwana uku walima. Na kira Idi na ce ya same ni a Limawa ya karɓi kayansa, don ina son ya ji abin da zan faɗa. Malam ya sa aka fito da firintarsa daga cikin kabad ɗin littattafai, a naɗe cikin sabon tawul. Ya ce yadda na rubuta haka ya bi, sau biyu kawai aka kunna ta tun da ya saya. Na kwance ta a zaure da hantsi, na jiƙa kan. Mutane suka fara taruwa, iyayen ɗalibai da maƙwabta. Bayan azahar na mayar na gwada, shuɗi ya fito rabi. Idi ya ce to, an je Kwatano an dawo da rabin gyara. Na sake cirowa na jiƙa. Hannuna yana son ya danna sirinjin da ƙarfi a gama, sai na tuna bugun Madam, na sassauta.

Bayan la’asar na sake gwadawa, layukan suka fito cif. Na ce a turo takardar shaida ta farko. Kan ya fara kai da komo, takardar tana fitowa kaɗan-kaɗan. Gefen ya fito kore shar, kamar ganyen dawa a tsakiyar damina. Malam ya karɓa ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

Kafin kowa ya yi magana na juya firintar, na ɓamɓare takardar da ke baya, na ɗaga ta.

“Allah gafarta Malam, kayan ba jabu ba ne. Wannan ce ta kashe su, kuma ni na rubuta ta.”

Na yi musu bayanin turken da murfin. Na ce tsoron wuta gaskiya ne, a ci gaba da zare soket, amma sai an danna maɓallin kashewa na jikin firintar, an jira fitilarta ta mutu. Kuma ko ba aiki, a buga shafi ɗaya mai kala duk sati. Malam ya gyaɗa kai ya ce wannan ai ba baƙon abu ba ne, shi ma in ya bar kurtun tawada a buɗe, ko ya ajiye alƙalami bai wanke ba, abin da ke faruwa ke nan. Idi ya jona tasa ya gwada, ta yi. Ya sosa ƙeya ya ce to ai shi dama bai ce duka jabu ba ne. Zauren ya yi masa dariya, wani ya ce a Taura ma an ji muryarsa ranar.

Na dunƙule tsohuwar takardar zan jefar, Malam ya miƙo hannu. Ya warware ta, ya shafe ta a kan gwiwa, ya sa a cikin littafin da ke gefensa.

“Bar mini ita,” ya ce. “In an sake tambayata game da kai, yanzu ina da abin da zan nuna.”

An yi walima, kowane ɗalibi ya karɓi takardarsa. Sati biyun da suka biyo baya na yi su a kan babur, daga Yalwawa zuwa Taura, ina ɓamɓare takarduna ina manna sababbi, ina jiƙa kan firintoci a shagunan mutane. Biyu ne kawai suka ƙi tashi, su ma waɗanda aka riga aka tsokana da allura. Masu gyaran da suka yi tsokanar yanzu su ke zuwa shagona su ga yadda ake riƙe sirinji, kuma ina sa su wanke hannu tukuna.

Wanda ke son ganin rigar, tana nan, jan bai fita ba. Malam kuwa duk Juma’a yakan sa a buga shafi ɗaya, in mun haɗu bayan an sauko daga masallaci ya zaro shi daga aljihu ya miƙo mini. Shafin jiya yana gabana a kan tebur, koren yana nan kore.